Inda Ke Yi Wa Senyora Ciwo

Ni mutum ne mai jin Sifaniyanci. Na fara da wannan ne domin masu wucewa suna ganina a kan benci a ƙofar gida a unguwar Shango ta Minna su san da wa suke gaisawa. Sai dai idan aka sauke ni a Sifaniya yau, ba zan iya roƙon ruwan sha ba, ba zan iya tambayar hanyar masallaci ba, ko sannu da aiki ban iya ba. Amma a kawo mini marar lafiya. Zan tambaye shi ina ke masa ciwo, tun yaushe, da yawa ne ko kaɗan, suka yake yi ko ƙuna. Iyakar Sifaniyancina ke nan, kuma a gindin mangwaron tsakar gidana na koye shi, a shekarar da matata ta rasu.

Bokona a firamare ya tsaya, saboda ni da malamin lissafi mun kasa jituwa, shi kuma ya ƙi barin makarantar. Sauran ilimina a shagon gyaran rediyo na same shi, a Tunga, inda harsunan duniya duka suka ratsa ta kunnena a gajeren zango ba tare da ko ɗaya ya yarda ya zauna ba. Don haka duk kalmar Sifaniyancin da za a gani nan, yadda kunnena ya ji na rubuta. Wanda ya fi ni sani ya gyara a zuciyarsa.

Mahaifina Bakatsine ne, jirgin ƙasa ya kawo shi Minna ya manta ya mayar da shi. Matata kuwa Banufiya ce, iyayenta daga Bida suka zo. Kowa ya san abin da ke tsakanin Bakatsine da Banufe. Aurenmu gaba ɗaya tsokana ne, ni in ce da kuɗin goro na sayo ta, ita ta ce tausayi ne ya sa ta ɗauke ni daga bakin titi. Tana jin Nufanci, tana jin Hausa, ta tsinci Gwaranci a kasuwa wajen sayar da ƙuliƙuli da man gyaɗa. Hausarta har ta koma ga Allah ba ta damu da bambancin mace da namiji ba, amma zan gyara mata a nan tunda ba ta nan balle ta hana ni.

A cikin harsunan nan uku, babu wanda na taɓa jin ta ce wani wuri yana mata ciwo da shi. Kowa a garin nan idan aka ce masa ya jiki, da sauƙi yake cewa, ko da ana riƙe da shi ta hammata. Haka aka tarbiyyantar da mu. Amma mu sauran mutane bayan mun ce da sauƙi, mukan ɗan gyara zama mu ce sai dai bayan nan, sai dai ƙafar nan. Ita daga da sauƙi ta rufe ƙofa. Tafasasshen mai ya taɓa zubo mata a dantse, fata ta saluɓe, ta ɗaure da tsumma ta ƙarasa suya. Na ce mu je kemis, ta ce in je ni kaɗai a duba mini kai.

Ga kuma wani abu. Da ta shigo gidanmu, a hannun mahaifiyata ta zauna, ta ɗauki kunyar ɗan fari a wajenta, ta riƙe fiye da mai abin. 'Yarmu ta fari mace ce. Uwar ba ta taɓa faɗin sunanta ba, ba ta haɗa ido da ita, ba ta zama tabarma ɗaya da ita. Idan tana da magana, ni take gaya wa, ko da yarinyar na tsaye a gabanta. "Malam, ka ce wa waccan ta sauke tukunya." Ni ne gidan waya a tsakaninsu tun yarinyar na rarrafe har ta haifi nata. Kuma Allah cikin ikonsa, wannan ta farin ita ce ta zama nas. Ƙannenta maza duk sun watse, wani Kaduna wani Abuja, ita ce ta rage kusa, tana zaune a Chanchaga da 'ya'yanta.

A shekarar da nake magana, na lura tsohuwar, wato matata, tana dafe gefen cikinta na dama idan za ta tashi daga kujera. Tuwonta ya fara dawowa rabi. Zanin da take ɗaurawa ya fara zagaye ta fiye da da. Na tambaye ta, ta ce da sauƙi, wai in ji da gwiwata da ke ƙara kamar ƙofar shago. Na gaya wa 'yar. Ta zo ta durƙusa ta ce, "Inna, an ce ba kya jin daɗi." Uwar ta juya wa katanga fuska ta ce mini, "Ka gaya wa waccan lafiyata ƙalau, ta je ta duba marasa lafiyarta." Aka yi juyin duniya ta je asibiti, ta ƙi. Ga nas a gida, ga ciwo a gida, ni ina tsakiya ina kai saƙon da babu komai a cikinsa.

A lokacin mijin 'yar tawa ya riga ya yi shekaru a Sifaniya yana aiki, ya samo mata gurbi a wani gidan kula da tsofaffi. Sharaɗin shi ne ta ci jarrabawar yaren, ta baki da baki, inda za a zaunar da ita ta yi wa wani tambayoyi kamar majinyaci. Tana koyo ta waya. Bayan ta tashi aiki sai ta hawo keke napep ta biyo ta wajenmu da la'asar, ta zauna a gindin mangwaro tana ta maimaita wa iska tambayoyi. Ran nan ta ce, "Baba, ina neman majinyacin gwaji." Na ce ta zo gidan da ya dace, gwani na zaune.

Ta koya mini amsoshi. Idan ta ce "Donde le duwele?" wato ina ke maka ciwo, sai in nuna wurin in ce "Aki," wato nan. Idan ta ce "Muco o poko?" da yawa ko kaɗan, sai in zaɓa. Kai sunansa kabesa, gwiwa rodiya, baya espalda. Na ɗauki aikin da muhimmanci ƙwarai. Nakan kwanta a tabarma in yi nishi, in riƙe kai, in koma in riƙe ƙafa, kullum muco, ban taɓa sauka poko ba. Wata rana ma na suma, sai da aka ce an sauke dafaffiyar gyaɗa na farfaɗo.

Tsohuwar tana gefe a kan kujerarta 'yar tsugunno tana ɓarar gyaɗa, wai ba ta saurare. Amma idan na ce rodiya na kama gwiwar hannu, sai in ji daga bayana, "Ta ƙafa ake nufi, Bakatsine." Kunnenta na kasuwa ne. Kafin in riƙe kalma ɗaya ta riƙe biyar.

Wata la'asar 'yar ta gaji da ni. Ta ce, "Baba, babu majinyacin da komai nasa ke ciwo lokaci ɗaya. Za ka sa in faɗi."

Na ce, "Ai ni babban majinyaci ne, ba na 'yan koyo ba."

Sai uwar ta ture tiren gyaɗa ta ce, "Tashi, ka ɓata wa mutane lokaci. Ko ciwon ƙarya ba ka iya ba."

Na tashi. Ta zo ta zauna a tabarmar, daidai inda na tashi, gwiwarta ta kusa taɓa ta 'yarta. Ban taɓa ganin haka ba tunda aka haifi yarinyar. Ita ma 'yar ta rasa inda za ta sa idonta. Na ce, "Yau kuma ina kunyar?" Tsohuwar ta ce, "Ai ba ni ba ce. Wata Baturiya ce ta zo asibiti. Me ake ce musu?" 'Yar ta ce senyora. Ta ce, "To, senyora ce. Waccan ma likitar Turawa ce, ban san ta ba."

'Yar ta gyara murya ta ce, "Donde le duwele, senyora?"

Ta ɗora tafin hannu a ƙasan haƙarƙarinta na dama ta ce, "Aki."

"Muco o poko?"

"Poko."

Muka yi dariya, har da tafi na yi mata, na ce Nufawa sun ci gasa. Washegari ta sake zama. Aka tambayi senyora, ta sake ɗora hannu a wurin jiya. Jibi ma haka. Ni da nake majinyacin ƙarya, kullum sabon wuri nake kawowa don kada a gaji da ni. Senyora ba ta taɓa canza wuri ba. Na dubi 'yata, na tarar ita ma ni take duba, dariyar ta riga ta bar fuskarta.

Darasi na gaba shi ne tun yaushe. 'Yar ta ce, "Desde kwando, senyora?" Ta bayyana ma'anar, ta ce ana iya cewa tun jiya, ko tun makon jiya, ta faɗi yadda ake cewa. Tsohuwar ta murza bakin zaninta. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Malam, tambayi likitar, yaya ake cewa tun kafin azumi?"

A lokacin an kusa babbar salla.

'Yar ta kasa daurewa. Ta ce da Hausa, "Inna, tun kafin azumi kike fama ba ki faɗa ba?"

Tsohuwar ta miƙe, ta kakkaɓe zani, ta koma kan kujerarta ta jawo tire. Ta ce, "Ka ce wa waccan ni lafiyata lau. Wasa ake yi, ta ɓata." Kwana biyu ba ta sake zama a tabarmar ba.

A nan muka gane dokar. Matata ba ta da ciwo. Senyora ce ke da shi, kuma senyora ba ta jin Hausa. Na ja 'yar tawa zuwa zaure na ce mata, "Ke da uwarki kun samu hanya, ƙunci gare ta, amma ita kaɗai ce. Kada ki sake sauka daga kanta." Tana share ido da gefen hijabi ta ce ai Sifaniyancin nata bai kai ba, darasin bai wuce tambaya biyar ko shida ba. Na ce to ta ƙaro.

Ban taɓa ganin mutum ya yi karatu irin wanda yarinyar nan ta yi a makonnin nan ba. Ta tsallake darussan sayayya da na hawa mota da na gaisuwa, ta bi malamin nata na waya tana tono duk abin da ya shafi ciki. Yaya ake tambayar ko yana ƙuna, kema. Ko yana suka, pinca. Ko yana zagayawa baya. Ko abinci na zama. Ko fitsari ya canza launi. Kuma ba tambayar kaɗai ba, dole ta koya wa senyora amsar kafin ta tambaye ta. Dabarar da muka yi ita ce, ni za a fara koya wa da ƙarfi, in yi ta kuskure da gangan, wani lokaci ma ba da gangan ba, tsohuwar na gefe tana tsince kalmomin tare da gyaɗarta. Idan ta ƙoshi da shirmena sai ta ce in tashi.

Haka muka ji komai, kalma bayan kalma. Yana suka. Yana zuwa har kafaɗa. Abinci ba ya zama. Duk da haka idan aka zo muco o poko, poko take cewa. Wata rana likitar Turawa ta nemi izinin taɓa wurin. Senyora ta kwanta a tabarma ta kawar da kai. Na ga hannun 'yata a kan cikin da ta fito daga ciki, yana dannawa a hankali, na ga inda hannun ya tsaya ya daɗe. Sai na tuna ina da aiki a zaure, na fita. Babu aikin komai a zauren.

Da na dawo na ji 'yar na cewa, "Manyana, ospital, senyora." Wannan ko ni na gane, gobe asibiti. Na jira tsawa. Tsohuwar ta ɗaura ɗankwalinta ta ce mini, "Turawan nan ba sa musu da likita, ko?" Na ce ko kusa, a rediyo na ji, ɗaure su ake yi. Ta ce, "To senyora za ta je. Ni rakiya zan yi mata."

A asibiti likitan wani matashi ne mai ladabi, ya gaishe ta da Hausa ya ce, "Mama, ya jiki?" Ta ce da sauƙi. Ya ce ina ke ciwo. Ta ce babu ko'ina, mijinta ne ke son yawo. 'Yar ta roƙe shi ya ɗan yi haƙuri, ta durƙusa gaban uwar ta yi tambaya da Sifaniyanci, uwar ta amsa da Sifaniyanci, ita kuma ta juya wa likita da Turanci. Ya dube su, ya dube ni. Ya ce, "Baba, daga wace ƙasa kuke?" Na ce daga Shango. Allah ya yi masa albarka, bai ƙara tambaya ba, ya ci gaba da rubutu.

Aka yi hoto, aka ɗebi jini, aka tura mu wani wuri aka sake wani hoton. Hanta ce. Likitan ya kira ni da 'yar gefe, ya yi bayani mai tsawo da Turanci, ya juyo gare ni ya taƙaita da Hausa cewa abin ya yi nisa, abin da ya rage shi ne a rage mata zafi. Na tambaye shi da an zo kafin azumi fa. Ya ce Allah ne masani. Na ga shi ma an koya masa nasa da sauƙin.

Muka dawo da ita gida. Amfanin Sifaniyancin bai ƙare ba, don maganin rage zafin ana ba da shi ne gwargwadon ciwon, mai ciwon kuma idan ka tambaye ta da Hausa lafiyarta ƙalau. Maƙwabta na shigowa dubiya, matan unguwa da abokan kasuwarta, har da ƙawarta ta coci da suka yi shekaru suna kasa kaya gefe da gefe. Kowa ya ce ya jiki, ta ce da sauƙi, su ce Allah ya ƙara sauƙi. Suna fita 'yar ta matso ta yi tambaya da yaren senyora, a san ko za a ƙara magani. Idan tana wajen aiki, ni ne likitan Turawa. Tsohuwar ta ce ba ta taɓa ganin likita mai warin man zafi irina ba, amma tana amsa mini.

'Yar ta ce za ta fasa jarrabawar, tafiyar ma ta haƙura. Saƙo ya biyo ta gidan waya nan take: "Ka ce wa waccan, idan ta fasa, wahalar da senyora ta sha ta koyon yare ta tashi a banza." Ta je ta yi. Ta ce da aka zaunar da ita gaban mai jarrabawar aka ce ta tambaye shi ciwonsa, sai da ya dakatar da ita, don ta wuce abin da ke cikin takardarsa.

Muco sau ɗaya na ji daga bakin matata. Da hantsi ne, ranar wata Laraba, muna ɗaki mu uku. 'Yar ta tambaya kamar kullum, tsohuwar ta lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ta, sannan ta faɗa a hankali. 'Yar ta tashi ta haɗa allura ta yi mata. Da zafin ya lafa, tsohuwar ta buɗe ido ta dubi 'yarta, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba. Ta kama hannunta ta ce, "Donde le duwele, senyora?"

 Yarinyar ta ɗora hannu a ƙirji.

"Muco o poko?"

Hawaye na zuba har kan hannun uwar, ta ce, "Poko."

Tsohuwar ta juyo gare ni, har da ɗan murmushinta na tsokana, ta ce, "Malam, ka ce wa waccan ta iya ƙarya. Ba a gidan Katsinawa ta koya ba."

Ba ta ƙara mako ba. An yi mata sutura, aka kai ta, mutanen Bida suka zo mota guda, ƙannen 'yar suka zo suka koma. Masu ta'aziyya suna cewa ashe ba ta daɗe tana jinya ba, ko kwanan nan sun zo ta ce musu da sauƙi. Na ce haka ne.

Bayan an yi arba'in 'yar ta tafi da 'ya'yanta. Yanzu tana can tana tambayar tsofaffin wasu ina ke musu ciwo, ta ce su ba sa ɓoyewa, tun kafin ka tambaya sun fara lissafi. Wani jikan ƙanena ya dawo gidan da matarsa, suna dafa mini, ba ni da abin kuka. Kujerar tsohuwar tana nan gindin mangwaro. Matar yaron ta taɓa ɗauka za ta yi wanke-wanke, ta dubi fuskata ta mayar.

Duk Lahadi da la'asar 'yar na kira ta wayar da ake ganin juna. Mukan gaisa, in ga jikoki, su yi mini Sifaniyancin da ba na ciwo ba in kasa ganewa. Sannan ta ce, "Baba, ya jiki?" In ce da sauƙi. Sai ta kore yaran, ta matso da fuskarta ta ce, "Donde le duwele, senyor?"

Gwiwa nake ba ta. In ce rodiya, in ɗaga wayar in nuna mata, ta ƙafa ba ta hannu ba. Ba ƙarya ba ne, gwiwar na ciwo. Ta yi mini faɗa a kan yawan zama, ta faɗi maganin da za a sayo, ta ce in riƙa taka ƙafa zuwa masallaci maimakon hawa babur. In ce to, likita.

Kafin ta kira nakan shigo da bencina tsakar gida in ba katanga baya, yadda mangwaron da kujerar da ke gindinsa ba za su fito a wayar ba.